Na Uku a Jerin Fina-finan Baɗi

Masu karatu, yau babu doguwar gaisuwa, ku yi min uzuri. Har yanzu da nake danna wayar nan takaici ne zalla ke cina. Ku masu turo min saƙo kuna cewa "Allah ya nuna mana bikinki da Injiniya", ku ɗan riƙe addu'ar nan a hannu tukuna, ku fara jin abin da ya same ni ranar Alhamis.

Ga waɗanda yau suka fara bina: ni ce ta tsakiya a gidanmu, Yaya a sama, Auta a ƙasa. Aikina a shagon tabarau ne. Ni ke auna tazarar idon mutum, in taya shi zaɓen wanda ya dace da fuskarsa, in goge gilashi in miƙa masa madubi. Babanmu, Allah ya ji ƙansa, shekara ashirin da biyu ya yi yana haska fim a sinima, a wani ɗan ƙaramin ɗaki na sama mai taga ɗaya da ko kai ba ya shiga. Duk ƙarshen shekara yakan zaunar da ni da takarda da biro, mu jera fina-finan da za su fito baɗi, mu yi ta musu a kan wanda zai cika kujeru da wanda zai yi kwantai. Shekara uku ke nan da rasuwarsa, ban fasa ba. Yanzu ni da Auta muke yi.

To, ranar Alhamis wajen ƙarfe ɗaya, shago ba kowa, mai shagon ya fita cin abinci. Ina sanye da doguwar rigata ruwan toka da farin mayafi, na jingina da akwatin gilashin da muke jera tabarau, sai ga saƙon Auta ya shigo. Wani shafi ne ya fitar da jerinsa: fina-finai goma da aka fi ɗokin fitowarsu a shekara mai kamawa. Nan take na jawo ɗan littafina daga jaka, na cire murfin biro da haƙori, raina fes.

Daga na goma suka faro suna gangarowa. Na goma na barkwanci ne, wasu direbobi biyu da suka gaji mota ɗaya, kowa na cewa gaban motar nasa ne. Na rubuta: Janairu, zan kalla. Na bakwai kashi na biyu ne na wani fim ɗin faɗa, jarumin da muka gani da idonmu an binne shi a kashi na farko wai ya dawo. Na yi dariya ni kaɗai, na ce ai dama in kasuwa ta yi kyau ba sa mutuwa. Na biyar na soyayya ne a cikin jirgin ƙasa, na ja masa layi biyu don na san Auta sai ta yi kuka. Na huɗu ban ma tsaya karantawa ba, na masu kisa ne.

Sai na uku. Tagar Majigi. Watan Afrilu.

Biron ya suɓuce daga hannuna ya gangara ƙarƙashin akwati.

Jama'a, Tagar Majigi nawa ne. Ni na raɗa masa sunan. Shekara biyu na yi ina rubuta shi da hannu a littattafai huɗu masu jan bango, a lokacin hutun cin abinci, a cikin motar haya, a kicin ina jiran ruwa ya tafasa. Labarin Babanmu ne da ɗakinsa na sama. Da na gama na buga shi a kwamfutar shago, na ba Injiniya a watan Fabrairu, saboda abokinsa na makaranta yana aiki a wani kamfanin shirya fim. Duk sanda na tambaye shi sai ya ce, "Suna dubawa, kin san mutanen nan da jan rai." Wata goma yana faɗa min haka.

Ba zan ɓoye muku ba, abin da ya fara zuwa min murna ce. Na dafe ƙirji na ce Allah sarki, ashe ba-zata bawan Allahn nan yake shirya min. Har ƙwalla ta taru. Na danna somin-taɓin fim ɗin.

Ga wani mutum yana hawa matakala riƙe da fulas ɗin shayi. Ga yarinya da kayan makaranta ta yi ɗage tana leƙa taga. Sai mutumin ya sunkuyo ya ce mata, "Bar kallon allon, kalli fuskokin mutane, can fim ɗin yake." Maganar Babanmu ce, baƙi da baƙi, ranar da ya fara hawa da ni ɗakin nan ina 'yar shekara tara. Sai allo ya yi baƙi, fararen rubutu suka fito. Labari da tsarawa. A ƙasa, sunan Injiniya. Cikakke, har da na mahaifinsa.

Na mayar baya. Na sake mayarwa. Sau shida. Na buɗe jerin sunayen ma'aikatan fim ɗin kaf, na bi da yatsa: mai ɗaukar hoto, mai kwalliya, mai kula da sutura, har wanda ya ɗauki nauyin abinci an sa. Ni babu ni. Ko a wajen godiya.

Wani dattijo ya shigo karɓar tabaransa, na miƙa masa na wata mata mai duwatsu a gefe. Ya kalle ni ya ce, "'Yata, lafiya kuwa?" Na ce lafiya lau Baba, na ba shi haƙuri na canza masa. Yana fita na ɗauki hoton allon na tura wa Injiniya, ban rubuta komai ba.

Alama ta nuna ya gani. Ya fara rubutu, ya goge. Ya fara, ya goge. Minti bakwai ina kallon wayar kafin saƙon ya shigo.

"Gimbiya, zan yi miki bayani."

"Yi."

"Ba a waya ba. Ina kan aiki. Zan zo in ɗauke ki ƙarfe huɗu."

"Sunan wa ke jikin labarina?"

"Don Allah kada ki ɗaga hankalinki. Alheri ne."

Alheri! Ku ji fa.

Huɗu saura ya faka a ƙofar shago. Farar riga ya sa mai dogon hannu, an goge ta har tana ɗaukar ido, da agogon da na saya masa, ga turaren nan nasa da a da in na shaƙa sai in ji sanyi a raina. Ranar kuwa haushi ya ba ni. Na shiga na zauna, ban gaishe shi ba. Ya miƙo min leda da ruwan lemo mai sanyi, na bar hannunsa a sama har ya gaji ya ajiye.

"Kin ga fim ɗinki ya zo na uku a cikin goma? Kin san manyan da kika doke kuwa?"

"Fim ɗina?"

"Namu mana. Ni da ke akwai bambanci ne? Saura wata uku fa ki zama matata."

"To tunda babu bambanci me ya hana a sa nawa sunan?"

Ya shafa gemu, ya kalli titi.

"Ka taɓa ganin Babana?" na tambaye shi. "Ka san da wane hannu yake riƙe fulas? Ka san warin ɗakin nan in injin ya yi zafi? Kai da ko shafi goma ba ka iya karantawa ba ka yi hamma ba, kai ne labari da tsarawa?"

"Ki rage murya, mutane na kallo."

"Su kalla! Ai kallo za su biya kuɗi su yi a watan Afrilu, gara su fara da na kyauta."

"Ni fa ko sisi ban taɓa ba. Duk abin da suka bayar yana nan na ajiye miki."

"Na ce maka kuɗi nake nema?"

Nan ransa ya fara ɓaci, na ga jijiyar goshinsa ta tashi. Ya ce wai ni ban san duniya ba. Wai mahaifiyarsa tun farko da kyar ta amince da ni, da ta ji aikin da Babanmu ya yi, shi ya yi ta lallashi har ta sauko. In yanzu ta ga sunana a fosta a bakin titi, 'yan'uwanta na turo mata hoto, shi ke nan magana ta rushe. Wai don ya tsare mu ya yi.

Na ce, "Sunana a fosta abin kunya ne, naka kuwa ado ne?"

"Ni namiji ne."

Wallahi da ba a cikin mota muke ba ban san abin da zan yi ba. Na kama murfin ƙofa zan fita, sai ya ce, a hankali, kamar mai ajiye kati na ƙarshe:

"Kafin ki yanke min hukunci, je ki tambayi Yayanki. Ba ni kaɗai na yanke ba."

Ban bari ya kai ni gida ba. Motar haya na shiga.

Biyar da rabi na tura ƙofar falonmu. Umma na kan doguwar kujera tana ninke wanki, tabaranta a kan hanci. Yaya ya dawo daga aiki ke nan, ko takalmi bai cire ba, yana cin shinkafa a kan ɗan teburin gilashi, talabijin na yi ba mai kallo. Auta na zaune a ƙasa kusa da firij da wayarta. Da ganin yadda Yaya ya ajiye cokali na san Injiniya ya riga ni isowa ta waya.

Ban cire mayafi ba. Na tsaya a tsakiyar falo.

"Yaya, da saninka?"

"Ba ki iya sallama ba ne?"

Na yi sallamar. Na maimaita tambayata.

"Da sanina," ya ce. "Ni na ce ya sa sunansa. Sai me?"

"Kai ka rubuta da za ka yi kyauta da shi?"

"Ke, ni sa'anki ne? Gidan nan a wuyana yake tun da Baba ya rasu. Ba zan zauna a wurin aiki ana nuna ni ana cewa ga yayan 'yar fim ba. Ki gode wa Allah ma yaron nan mai hankali ne, da ya kawo min maganar kafin ya yi komai. Wani ne da ya kai ki ya baro."

"Ya kawo maka maganar. Kai ya kawo wa. Ni da na yi shekara biyu ina rubutu har yatsana ya yi kanta, ni ba a kawo min ba?"

"Da an kawo miki za ki yarda?"

"A'a!"

"To kin gani."

Na juya wajen Umma. A raina na ce ita kam ba za ta goyi bayan wannan ba. Ita ce fa take ajiye min abinci a rufe in na manta da ci saboda rubutu.

"Umma, kin ji abin da suka yi min?"

Ba ta ɗago ba. Ta ninke rigar da ke hannunta, ta daidaita wuyan, ta ɗora a kan sauran. Sannan ta cire tabarau.

"Ba su suka yi miki ba. Ni na roƙe su."

Na dafa bayan kujera.

"Zauna," ta ce. Ban zauna ba. "To tsaya. Shekara ashirin da biyu ina amsa sunan matar ɗan sinima. In na shiga taron mata sai hira ta canza. Akwai gidan da aka hana 'ya'yansu wasa da ku, kina ƙarama ba za ki tuna ba, ni na tuna. Ubanku mutumin kirki ne, bai taɓa kawo mana haram gidan nan ba, amma bakin mutane bai bar shi ba har ya koma ga Allah. Ban so ki ɗauki kayan da na ɗauka. Na karanta labarinki, na yi kuka, na ce lallai a yi shi mutane su san waye ubanku. Amma ba da sunanki ba."

Da wata rana ce da na durƙusa na rungume ta. Amma ku fahimce ni, wutar da ke cina ta fi ƙarfin tausayi.

"Umma, Baba ya yi shekara ashirin da biyu a ɗaki mai duhu yana haska sunayen wasu a allo, nasa bai taɓa fitowa ba ko sau ɗaya. Na rubuta labarin nan ne don a ga sunansa a bayan nawa. Yanzu sunan uban wani ne a wurin. Uban wanda matarsa ke ƙyamar aikin Baba! Wannan ne rufin asirin?"



Yaya ya miƙe. "Kina ɗaga wa Umma murya? To bari ki ji. Magana ta ƙare. An gama fim, an sa suna. Ki kama kanki ki shirya aurenki. In kika je kika tayar da wata fitina har mutanen nan suka fasa, ke kika sani."

"Su fasa mana."

"Me kika ce?"

"Na ce su fasa!"

Umma ta ce innalillahi. Na shige ɗaki na banko ƙofa har hoton da ke bango ya karkace. Saƙonnin Injiniya na ta shigowa: "Kin huce?" "Ki ci abinci." "Ina sonki fa." Har da hoton fure. Na kife wayar. Na jawo akwatina daga ƙarƙashin gado, na fito da littattafan nan huɗu, na zuba su a jaka.

Da safe na kira mai shago na ce ina da uzuri. Na sa baƙar doguwar riga da takalmi mara tsini, don na san yau akwai tafiya. Ina ɗaura agogo Auta ta shigo, idonta a kumbure, ta riga ta shirya.

"Ina za ki?" na ce.

"Duk inda za ki, Anti."

Na ji daɗi har raina. Na ce a gidan nan dai ina da mutum ɗaya. Ita ta riƙe min jakar har muka isa.

Ofishin kamfanin a hawa na biyu yake, saman wani shagon kayan lantarki. Tun daga matakala fosta ce a jere ta fina-finan da za su fitar baɗi, kowanne da watansa a ƙasa. Gurbin na Afrilu babu komai sai farar takarda da aka rubuta sunan fim ɗin da hannu. Matar da ke teburin karɓar baƙi ta ce Darakta ba ta ganin kowa sai da alƙawari. Na ce ki faɗa mata wadda ta rubuta Tagar Majigi ce. Ta kalle ni sama da ƙasa, ta shiga. Ko minti ɗaya ba a yi ba ta fito ta ce mu shigo.

Darakta mace ce, za ta yi shekara hamsin, siririya, babu kwalliya ko ɗigo a fuskarta. Ba ta yi mamaki ba. Ta nuna mana kujeru. Na zazzage littattafan a gabanta. Ta ɗauki na farko ta buɗe, ta ga kwanan wata a saman kowane shafi, ta ga inda na soke, inda shayi ya zuba, inda na rubuta "wannan bai yi ba" da jan biro. Ta daɗe tana juyawa.

"Na sani," ta ce daga baya. "Tun zamanmu na farko na san ba shi ya rubuta ba. Na tambaye shi me ya sa yarinyar ba ta yi kuka ba ranar da aka rufe sinimar, ya ce min wai mantuwa ce, za a iya ƙarawa."

"Ba mantuwa ba ce! Ba ta yi kuka ba ne don kada uban ya ga..."

"Na sani. Shi ya sa ban ƙara ba." Ta rufe littafin. "Na matsa masa, ya ce gaskiya wadda zai aura ce ta rubuta, amma ba ta son sunanta ya fito. Na ce ban yarda da maganar baki ba, sai na ga takarda. Ya kawo."

"Wace takarda?"

Ta jawo durowa ta fito da fayil, ta zaro takarda guda ta turo min. Layi biyar ne. Wai ni, da hankalina, ba tare da tilas ba, na bar wa wane labarina da duk haƙƙin da ke cikinsa, kuma na nemi kada a ambaci sunana a ko'ina. A ƙasa ga sa hannu.

Nawa ne. Wato kamar nawa. Lanƙwasar farko, jan layin ƙarshe, komai ya zauna daidai.

"Ban taɓa ganin takardar nan ba," na ce.

"Ki duba da kyau."

Na duba. Yaya ba zai iya wannan ba, rubutunsa kamar na likita. Injiniya ma haka. Sai idona ya sauka a kan kwanan watan da ke gefe. An kwaikwayi sa hannuna, amma an manta a kwaikwayi lambobina. Wannan bakwai ɗin mai ɗan ƙugiya, wannan huɗun da ba a rufe samansa ba, ni na koyar da su, a kan teburin kicin, da hannuna a kan hannun mai rubutawa.

Na juyo a hankali. Auta ta cusa fuska a cikin mayafinta, kafaɗunta na rawa.

"Anti, Yaya ne ya ce wai takardar... wai in ban yi ba aurenki zai mutu... wallahi tun ranar ban ƙara samun sukuni ba..."



Darakta ta kalle ta, ta kalle ni, ta haɗa yatsunta a kan tebur.

"Bari in faɗa miki yadda abin yake. Ranar Litinin fosta za ta tafi wajen bugawa. In kika ce wannan ba hannunki ba ne, yau ɗin nan zan cire sunansa in sa naki, da na mahaifinki, manya-manya. Amma ba ni kaɗai ke da kamfanin nan ba. An yi mana ƙarya a rubuce, dole takardar ta je hannun lauyanmu, kuma wanda ya sa hannun shi zai amsa tambaya. Ba zan iya tare wannan ba." Ta nuna littattafan. "In kuma kika ce hannunki ne, ki kwashe littattafanki, mu rabu lafiya."

Shekarar Auta sha tara. Saura mata wata biyar ta gama karatun jinya. Waɗanda suka tura ta kuwa, ɗaya na ofis yana shan iska, ɗaya na turo min hoton fure.

Wayata ta fara ruri a cikin jaka. Umma ce. Auta ta zamo daga kujera ta durƙusa a kan tayil, ta riƙe gefen rigata da hannu biyu.

Darakta ta cire murfin biro ta ajiye shi a kan takardar, daidai gabana.

"Ina jinki," ta ce. "Hannunki ne, ko ba hannunki ba ne?"

Masu karatu, da ku ne a kujerar nan, me za ku ce mata?